Littattafai Masu Magana: Na'ura A Aljihun Makaho, Mabuɗi A Hannun Wasu

A yau makaho yana iya zuba ɗaruruwan littattafai cikin wata 'yar na'ura wadda girmanta bai wuce na wayar hannu ba, ya jefa ta aljihu, ya riƙa sauraro a gida, ko cikin mota, ko a ɗakin lacca. Sai dai kuma mallakar na'urar daban, samun littafin daban. Sau da yawa mutum kan kashe kuɗi masu yawa ya saye ta, sa'an nan ya tarar littattafan ɗakin karatun da ya yi rajista da shi sun ƙi buɗuwa a cikinta. Wannan rashin jituwa tsakanin na'urori da ɗakunan karatu yana cikin abubuwan da ke ci wa makafi masu son karatu tuwo a ƙwarya, kuma asalinsa ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Wani bincike da mujallar Lancet Global Health ta buga ya ƙiyasta cewa a shekara ta 2020 akwai makafi kimanin miliyan 43 a duniya, ban da wasu mutane miliyan 295 masu raunin gani matsakaici ko mai tsanani. Da yawa daga cikinsu da girmansu suka rasa idanu, watau ba su taso da rubutun Braille ba, rubutun nan na makafi da ake karantawa da yatsu. Irin waɗannan mutane kunne shi ne hanyarsu ta karatu. Ita kuwa Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta sha bayyana cewa cikin kowane littafi 100 da aka buga, waɗanda ake juyawa zuwa siffar da makaho zai iya amfani da ita ba su kai 10 ba, a ƙasashe matalauta ma ba su cika kai ɗaya ba. Abin da ƙungiyar take kira yunwar littattafai ke nan.

Daga faifan garmaho zuwa kaset

Tun lokacin da Thomas Edison ya ƙago na'urar ɗaukar magana a shekara ta 1877, ya lissafa karanta wa makafi littattafai cikin amfanin da yake hangen za ta yi. Amma sai da aka shafe fiye da shekara hamsin kafin abin ya tabbata. A shekara ta 1931 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta ɗora wa babban ɗakin karatu na majalisar nauyin samar wa makafi littattafai, kuma a shekara ta 1934 aka fara rarraba littattafai masu magana a kan faifan garmaho. A Birtaniya kuwa sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Farko su ne suka zaburar da aikin. Ɗaya daga cikinsu, Ian Fraser, wanda ya rasa idanunsa a fagen daga na Somme a shekara ta 1916, shi ne ya tsaya tsayin daka har cibiyar makafi ta ƙasar, wadda aka sani yau da suna RNIB, ta fara aika wa membobinta littattafan a shekara ta 1935. Kowane gefen faifai yana ɗaukar karatun minti 25, littafin labari guda kuwa yakan ci faifai wajen goma.

Tun a wancan lokaci aka fara ɗaura wa littafin makaho takunkumi. Masu buga littattafai da marubuta suna tsoron kada karatun da aka naɗa domin makafi ya faɗa hannun sauran jama'a, cinikinsu ya faɗi. Saboda haka sai aka riƙa naɗar karatun ta hanyar da na'urar kowa da kowa ba za ta iya juya shi daidai ba. Alal misali, kaset ɗin da hukumar ɗakunan karatun makafi ta Amurka, watau NLS, ta yi shekaru tana rarrabawa, a ido ba shi da bambanci da na kasuwa. Amma an naɗe shi a kan layi huɗu, yana kuma juyawa da rabin saurin kaset na yau da kullum, ta yadda kaset mai minti 90 yakan ɗauki karatun awa shida. Wannan dabara ta rage yawan kaset ɗin da ake aikawa, ta kuma zama kwaɗo, domin wanda duk ya sa shi cikin rikodar gida ba abin da zai ji sai hayaniya. Dole sai da rikoda ta musamman irin wadda hukumar ta riƙa ba da aro.

Kaset yana da wata illa kuma. Ɗalibin da malaminsa ya ce a buɗe shafi na 112 ba shi da hanyar zuwa can sai dai ya yi ta turawa gaba yana dawowa baya yana laluben wurin. Mai sauraron labari ba ruwansa da wannan, amma ga mai nazarin shari'a, ko tarihi, ko mai neman kalma cikin ƙamus, babbar wahala ce.

Zuwan tsarin DAISY

Maganin wannan wahala daga ƙasar Suwidin ya fito. Ɗakin karatun makafi na ƙasar ne ya fara gwada wata sabuwar hanyar naɗar littafi a kwamfuta a farkon shekarun 1990, kuma a watan Mayu na shekara ta 1996 wasu ɗakunan karatu daga ƙasashe daban-daban suka haɗu a birnin Stockholm suka kafa gamayyar DAISY, domin su amince da tsari ɗaya. Abin da tsarin ya ƙunsa shi ne, ban da muryar mai karatu, ana haɗa littafin da wani jadawali da ke nuna wa na'ura inda kowane babi ya fara, da kowane sashe, da kowane shafi. Da danna maɓalli ɗaya mai sauraro zai tsallaka zuwa babi na gaba, ko ya buga lambar shafi ya faɗa kansa kai tsaye. Yana iya sa alama a inda ya tsaya, yana kuma iya ƙara saurin karatun ba tare da muryar ta sirance ba.

Nan da nan kamfanoni suka shiga ƙera na'urorin da za su karanta wannan tsari. Kamfanin Shinano Kenshi na Japan ya fito da Plextalk. Kamfanin VisuAide na Kanada ya fito da Victor Reader, daga baya a shekara ta 2005 ya haɗe da wani kamfani na ƙasar New Zealand suka zama HumanWare. Na farko-farkon manya ne, na ajiyewa kan tebur, masu cin faifan CD. A shekara ta 2007 HumanWare ya fitar da Victor Reader Stream, wadda ke shiga aljihu, tana da maɓallan lambobi kamar na tarho, tana kuma ajiye littattafai a ɗan katin ajiya. A shekara ta 2013 aka fitar da sabon samfurinta mai iya shiga intanet da kanta, a 2023 kuma aka fitar da na uku. Akwai wasu irinta, kamar Milestone daga ƙasar Suwizalan, da SensePlayer daga Koriya ta Kudu. Dukkansu suna magana, watau duk maɓallin da aka taɓa na'urar za ta faɗi aikinsa, saboda haka ba a bukatar allo sam.

To, da yake an sami tsari ɗaya da duniya ta amince da shi, sai a zaci kowane littafi zai buɗu a kowace na'ura. Ba haka lamarin ya kasance ba, kuma dalilan sun kasu kashi huɗu.

Siffar littafin

Na farko shi ne siffar da aka ajiye littafin a cikinta. Shi kansa DAISY ba iri ɗaya ba ne. Akwai tsarin da aka fitar a shekara ta 2001, wanda ɗakunan karatu da dama na Turai suka daɗe suna amfani da shi, akwai kuma wanda ya biyo bayansa, wanda hukumar ƙa'idojin Amurka ta amince da shi a 2002 aka sake gyara shi a 2005. Bugu da ƙari, wani littafin muryar mutum ce aka naɗa, wani kuwa rubutu ne zalla, sai na'urar ta karanta shi da tata muryar ta inji. Ɗakin karatun Bookshare na Amurka, wanda aka buɗe a shekara ta 2002, kuma yake da littattafai sama da miliyan ɗaya, galibin abin da ke cikinsa rubutu ne irin wannan. Na'urar da ba ta da muryar inji ba za ta amfana da rubutun ba, sai dai a sauko mata da shi bayan an riga an juya shi zuwa sauti.

A gefe guda kuma masu buga littattafai na kasuwa suna amfani da tsarin EPUB. Gamayyar DAISY ta sa hannu sosai wajen tsara EPUB 3, wanda ya fito a shekara ta 2011, da nufin littafin da ake sayar wa kowa ya zama makaho ma yana iya karanta shi tun daga ranar fitowarsa. Amma tsohuwar na'urar da kamfaninta ya daina sabunta mata manhaja ba lalle ta gane sabon tsari ba.

Kwaɗo da mabuɗi

Dalili na biyu, wanda ya fi ɗaure kai, shi ne kwaɗon da ake sa wa littafin da gangan. Hukumar NLS ta Amurka ta fara sauya kaset da sabbin na'urori a shekara ta 2009, ta kuma buɗe wani shafi mai suna BARD inda membobinta ke sauko da littattafai. Littattafan a kulle suke. Na'urar da hukumar ke ba da aro kyauta tana zuwa da mabuɗinta a ciki. Amma wanda ya sayi tasa ta aljihu, sai ya kasance tana cikin waɗanda hukumar ta amince da su, sa'an nan ya yi mata rajista, a aiko masa da wani mabuɗi na musamman ya ɗora mata. Kafin nan, ko ya kwafi littafin ya zuba a ciki, ba zai yi magana ba. Tushen wannan tsari yana cikin dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar. Gyaran da aka yi mata a shekara ta 1996 ya ba ɗakunan karatun makafi damar juya littafi ba tare da neman iznin mai shi ba, bisa sharaɗin cewa makafi da masu lalura irin tasu kaɗai za su yi amfani da shi.

Kamfanonin kasuwa su ma kowa da irin nasa kwaɗon. Audible, wanda Amazon ya saya a shekara ta 2008, yana sayar da littattafan sauti cikin wata siffa tasa ta kansa, wadda ba ta buɗuwa sai a na'urar da aka haɗa da asusun mai saye. Idan kamfanin ya canza manhajarsa, ko mai ƙera na'ura ya fito da sabon samfuri, sai ɓangarorin biyu sun sake daidaitawa, makaho kuwa jira ne nasa. A shekara ta 2009 an ga wani misali da ya tayar da ƙura. Amazon ya fitar da Kindle 2, wadda ke iya karanta rubutu da muryar inji, sai ƙungiyar marubutan Amurka ta yi ƙorafin cewa hakan shiga haƙƙinsu ne na sayar da littafin sauti. Kamfanin ya ja da baya, ya ba masu buga littattafai damar toshe muryar a littattafansu, abin da ya sa ƙungiyoyin makafi suka yi zanga-zanga a birnin New York.

Iyakar ƙasa

Dalili na uku shi ne doka. Dokar haƙƙin mallaka ta kowace ƙasa a iyakarta take tsayawa. Saboda haka shekara da shekaru littafin da aka naɗa wa makafi a Birtaniya ba shi da halin tsallakawa zuwa Ghana ko Nijeriya, ko da yake harshen karatun ɗaya ne, haka kuma wanda aka naɗa a Faransa ba ya isa Nijar ko Chadi. Sai kowace ƙasa ta sake kashe kuɗi ta naɗi nata, in tana da hali.

Domin warware wannan ne aka ƙulla yarjejeniyar Marrakesh a ƙasar Maroko ranar 27 ga watan Yuni na shekara ta 2013, ƙarƙashin hukumar kare haƙƙin fasaha ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau WIPO. Shahararren mawaƙin nan makaho na Amurka, Stevie Wonder, yana cikin waɗanda suka matsa wa wakilan ƙasashe lamba, har ma ya je birnin da kansa. Indiya ce ta fara rattaba amincewarta a shekara ta 2014, yarjejeniyar kuma ta fara aiki ranar 30 ga watan Satumba na 2016, bayan ƙasashe 20 sun amince. Nijeriya ta shiga a 2017, Ghana da Saudiyya da Tarayyar Turai a 2018, Amurka kuma a 2019. Yarjejeniyar ta wajabta wa ƙasashe su halatta juya littattafai domin makafi ba tare da neman izni ba, su halatta musayarsu tsakanin ƙasa da ƙasa ta hannun cibiyoyin da aka amince da su, su kuma tabbatar cewa dokar da ke kare kwaɗon littafi ba ta hana makaho cin wannan gajiya ba.

Sai dai shiga yarjejeniya mataki ne na farko, domin sai kowace ƙasa ta gyara dokarta ta cikin gida. Nijeriya ta yi haka cikin sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, watau fiye da shekara biyar bayan shigarta. A Afirka ta Kudu kuwa sai da ƙungiyar makafi ta Blind SA ta kai gwamnati ƙara, har kotun tsarin mulki ta yanke hukunci a watan Satumba na 2022 cewa dokar ƙasar ta 1978 ta tauye haƙƙin makafi. Har wa yau, hukumar WIPO ta kafa wata gamayya mai suna ABC a shekara ta 2014, wadda ke da kundi guda na littattafan ɗakunan karatun makafi cikin harsuna fiye da 80, domin ɗakin karatu na wata ƙasa ya iya ɗauko abin da na wata ƙasar ya riga ya naɗa. Ƙasar da ba ta da ɗakin karatu mai ƙarfi da zai shiga wannan musaya, makafinta suna nan inda suke.

Harshe

Dalili na huɗu shi ne wanda ya fi shafar mai karatun Hausa. Muryoyin inji da ake ɗora wa galibin waɗannan na'urori na manyan harsunan kasuwa ne, irin su Ingilishi da Faransanci da Jamusanci da Larabci. Idan aka ba muryar Ingilishi rubutun Hausa, sai ta furta shi da ƙa'idar Ingilishi, ta kuma yi tuntuɓe da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Daɗin daɗawa, rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar kuka ta zubar da hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya ne, mai jin harshen ne ke bambanta su daga ma'anar jimla. Ana dai samun ci gaba ta wannan fanni, domin a shekara ta 2023 kamfanin Meta ya fitar da muryoyin inji na gwaji cikin harsuna fiye da dubu, har da Hausa. Amma akwai tazara tsakanin ɗakin bincike da 'yar na'urar da ke aljihun ɗalibi.

Karatu da kunne dai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya tsara Waƙoƙin Imfiraji, makaho ne tun yana yaro, kuma da ka ya yi karatunsa. Makarantar makafi ta Gindiri da ke Jihar Filato tana koyar da Braille tun shekara ta 1953. Gidajen rediyo sun daɗe suna karanta littattafan Hausa, an kuma saba da sauraron tafsiri da wa'azi a kaset, yau kuma a wayar hannu. Irin wannan sauti na MP3 kowace na'ura tana buɗe shi, domin ba kwaɗo a jikinsa. Abin da ya rasa shi ne jadawalin nan na babi da shafi. Ɗalibin da ke nazarin Imfiraji yana bukatar ya tsallaka daga waƙa ta uku zuwa ta biyar, ya kuma koma kan baiti guda sau goma, kuma sauti mai tsawon awa uku a dunƙule ba zai ba shi wannan dama ba. Manhajar da ake tsara littafin DAISY da ita, irin su Obi da gamayyar ta samar, kyauta ce. Abin da ake nema shi ne masu karatu da murya mai kyau, da ɗakin naɗa, da cibiyar da za ta ɗauki nauyi.

Wayar hannu ko na'ura ta musamman?

Tun shekara ta 2009, lokacin da kamfanin Apple ya sa wa iPhone manhajar VoiceOver mai karanta abin da ke kan allo, Android ita ma ta sami TalkBack, wasu ke ganin kwanan na'urorin musamman ya ƙare. Ɗakunan karatu da dama sun koma fitar da manhajar waya. BARD ta fitar da tata ga masu iPhone a 2013, ga masu Android kuma a 2015. Waya ta fi araha, kuma ana samun mai gyaranta a kowace kasuwa, alhali na'urar musamman kan ci ɗaruruwan daloli, in ta lalace kuma sau da yawa sai an mayar da ita ƙasar da aka sayo ta. Duk da haka akwai masu riƙe da ita gam, musamman tsofaffi, saboda maɓallin da yatsa ke ji ya fi musu sauƙi a kan gilashi mai santsi, ba kuma kiran da zai katse musu karatu.

Ga Hausawa mazauna Landan ko New York ko Jidda masu niyyar saya wa wani ɗan'uwa makaho irin wannan na'ura su aika gida, abin da ya kamata a fara bincika shi ne ɗakin karatun da mutumin zai iya yin rajista da shi daga inda yake zaune. Hukumar NLS mazauna Amurka da 'yan ƙasar da ke zaune a waje kaɗai take yi wa hidima. Bookshare yana karɓar membobi daga wasu ƙasashe, amma yawan littattafan da mutum zai gani ya danganta da ƙasarsa, kuma sai an gabatar da shaidar lalurar. Bayan an san ɗakin karatun, sai a tambaye shi na'urorin da littattafansa ke buɗuwa a ciki. Sa'an nan a duba ko na'urar tana da muryar harshen da mutumin ke karatu da shi, da ko tana karɓar littafi ta katin ajiya ba sai da intanet ba, da ko ana iya canza mata batir.

Tun ranar 28 ga watan Yuni na 2025 wata doka ta Tarayyar Turai ta fara aiki, wadda ta wajabta cewa sabbin littattafan lantarki da ake sayarwa a ƙasashen tarayyar su kasance naƙasassu na iya amfani da su. Masu fafutuka na fatan manyan kamfanonin buga littattafai, da yake kasuwarsu ta duniya ce, za su bi wannan ƙa'ida a ko'ina. Amma dokar ba ta shafi littafin da aka buga a Kano ko Zariya ko Yamai ba. Wannan aiki ne da ke jiran marubuta da maɗaba'u da jami'o'i da ƙungiyoyin makafi na ƙasashen da ake jin Hausa.